Kafin Shamuwa Ta Sauka

Litinin, 9 ga Janairu

Sun iso. Zahari ya sauke su kamar buhunan dankali, ya sumbaci goshina, ya ci wake a tsaye, ya ce gobe babbar motarsa za ta kama hanyar Jamus, sai sanyi ya wuce. Ɗana ke nan. Ya bar mini matarsa da 'yarsa mai wata biyar, wai bangon ɗakinsu na birnin Sliven ya yi danshi har ya yi funfuna, likita ta ce bai dace da jaririya ba. To, gidana ya zama asibiti.

Ralitsa, matar tasa. Shekara uku da aure, har yau ba ta samo sunan da za ta kira ni da shi ba. Da can gyaran murya take yi in tana son in waiwayo. Yanzu ta samu mafita: "Kakar Siyana." Ni kuwa Amarya nake ce mata, kamar yadda uwar mijina Minko ta kira ni har na yi furfura.

Siyana. A gidan nan jika sunan kakarta take ci, tun kafin a kawo lantarki. Ni Stanka ce. Sai aka ba ni harafi ɗaya. "Ai don ke aka sa, Mama, ba ki ga farkon ba?" in ji Zahari. Na gani. In na mutu a rubuta harafin nan ɗaya a kan dutsen kabarina, a rage wa mai sassaƙa wahala.

Amarya ko jakarta ba ta kwance ba, ta buɗe taga. A watan Janairu. Ga ƙofa a buɗe, ga taga a buɗe, iska ta ratsa tsakiyar ɗaki ta kan gadon yarinyar. Iskar tsakani, wadda ta karkace wa surukin maƙwabciyata Petkana baki. Na rufe. Ta buɗe. Na rufe. Minko, da kana raye da ka ja kujera ka yi kallo.

Laraba, 11 ga Janairu

Ta rataye ma'aunin zafi a bangona. Shekara saba'in da ɗoriya ina sanin sanyi da gwiwata.

Asabar, 14 ga Janairu

Yau na ga jikin yarinyar sosai, wurin wanka. Ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba, abin ba kyan gani. Kumatu ja kamar an shafa barkono. Bayan gwiwa da lanƙwasar hannu sun bushe sun tsattsage, bayan kunne yana tsatsafo da ruwa. Tana goga fuska a kafaɗar uwar kamar kyanwa a ƙafar tebur. An yanke mata farce, an cusa hannuwan a safa.

Ruwan wankan ba zafi ba sanyi, irin wanda ko kwano ba zan wanke da shi ba. Ba sabulu. A ɗauko ta, a daddangwala tawul, ba a gogewa, sai a lafta mata wani farin mai daga roba tun ba ta bushe ba. Safe da yamma. Yarinya tana santsi kamar kifi.

Na ce, "Kirci ne."

Ta ce, "Ekzema."

Na ce, "To, kircin da ya yi makaranta."

Ba ta yi dariya ba. Ba ta da wurin ajiye dariya a fuskar nan.

Sai na ɗauko 'yar cikin da na saƙa tun yarinyar tana ciki. Gashin Belka ne, tunkiyata. Ni na aske, ni na wanke, ni na kaɗa da mazarin uwata. Ta riƙe ta da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Ta yi kyau, Kakar Siyana. Amma ulu ba zai taɓa jikinta ba. Auduga kawai. Kuma zafi yana tayar mata da shi."

"Ubanta a cikin ulu ya girma."

"Ubanta har yau in ya ga rigar sanyi a shago sai ya fara susa."

Ƙarya. Ko kuma ita ta koya masa.

Laraba, 18 ga Janairu

Petkana ta shigo ganin jaririya. Tun muna 'yan mata muke maƙwabtaka, kuma tun lokacin ba ta taɓa shiga gidana ta fita ba tare da ta bar mini ƙaya a kujera ba. Ta leƙa gadon ta yi tsaki.

"An yi mata gishiri da aka haife ta?"

Na ce, "A asibitin birni? Mutanen da ko a miya ba sa sawa?"

"To ga shi nan. Mu duk an shafe mu da gishiri, kin taɓa ganin mun yi wari ko mun yi ƙuraje? Ki samo kitsen alade, marar gishiri. In bai yi ba baki ne, a kawo ta in narka mata dalma a ruwa in karya shi."

Amarya tana bakin ƙofa, ashe. "Gwaggo Petkana, ɗazu kin ce gishiri ne babu, yanzu kin ce marar gishiri. Wanne za mu bi?"

Petkana ta kalle ni. Na kalli murhu. Da ta tafi na ce wa Amarya a ƙauyen nan ba a mayar wa babba magana. Ta ce ba mayarwa ta yi ba, tambaya ta yi. Haka 'yan bakin teku suke, ita 'yar Burgas ce. Ruwa ya yi musu yawa.

Lahadi, 22 ga Janairu

Da yamma na yi wa Siyana labarin bushiya, yadda kakata ta yi mini. Da can bushiya sumul take kamar ƙwai. Sanyi ya zo, tunkiya ta ce zo in ba ki riga. Bushiya ta ce a'a, ita ta waye, ba ta sa kayan ƙauye. Da sanyi ya ci ƙarfinta sai ta faɗa cikin sarƙaƙiya neman ɗumi, ƙayoyi suka manne mata har yau. Na ɗaga murya daidai yadda za a ji a kicin.

Daga kicin aka ce, "Mu a garinmu, tunkiyar ce ta saƙa mata rigar. Shi ya sa take ƙaya."

Yarinyar dai ta yi shiru tana kallon bakina har ta manta da susa. Ita ta san labari mai kyau.

Talata, 24 ga Janairu

Talata da Juma'a Amarya za ta riƙa bin motar safe zuwa Sliven, duba masu gyaran bango. Ta tatsi nono a kwalba, ta yi mini huɗuba a bakin ƙofa kamar ban taɓa riƙe jariri ba.

Motar na shan kwana na rufe taga, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na cika murhu da itacen kirki. Na sa wa jikata 'yar cikinta a kan fata, na mayar da rigar audugar a sama. Cif ta yi mata. Ta yi ɗumi, ta yi gumi. Gumi lafiya ne. Ta ɗan yi rigima, amma wane yaro ne ba ya rigima in uwarsa ta fita? Kafin motar yamma na cire na ɓoye a ƙasan katifata.

Yau ce rana ta farko da na ji yarinyar nan 'yar gidan nan ce.

Alhamis, 26 ga Janairu

Abin ya tashi. Har ƙirji da baya, inda da babu. Amarya ta tashi da idanu kamar garwashi. Ta zauna tana lissafin abin da ta ci, ta tsaya a kan banitsa, wainar da na gasa ranar Lahadi. Cuku da ƙwai, in ji ta, suna bi ta nono. Daga yau ta daina madara, ta daina ƙwai, ta daina cuku.

Na ƙara itace a murhu. Ba a tambaye ni ba.

Laraba, 1 ga Fabrairu

Shinkafa da dafaffen karas, safe, rana, dare. Zoben aurenta ya fara yawo a yatsa. Na ajiye mata kindirmo a gabanta, ta ture shi da bayan hannu, ta ce, "Ni ce nake sa mata guba, Kakar Siyana, ban san da me ba." Ta shiga ɗaki.

Mace da girmanta. Wa ya ce ta yi yunwa? Ni dai ban ce ba.

Na ba kare kindirmon. Ban ci nawa ba ni ma, ya yi tsami da yawa.

Juma'a, 3 ga Fabrairu

Na sake sa mata 'yar cikin. Sanyin yau ko Belka ba ta leƙo ba.

Talata, 7 ga Fabrairu

Motar safe ba ta zo ba, hanya ta yi ƙanƙara. Ni ina zan sani? Amarya ta gaji da tsayuwa a tasha ta dawo. Ta tarar da taga a rufe, murhu yana huci, ni ina rera waƙa. Ta ɗauki yarinyar, ta sa yatsa a wuyan riga, ta tsaya.

Na yi zaton ihu za ta yi. Da ta yi ihu da na san abin da zan ce. Sai ta cire 'yar cikin a hankali, ta ninke, ta ajiye a kan tebur tsakanina da ita. Fatar ƙirjin ta yi sawun saƙar, layi-layi.

"Tun yaushe?"

Na ce yarinya ba za ta mutu da sanyi a ƙarƙashin rufina ba.

"Tun yaushe, Kakar Siyana? Kina kallona ina cin shinkafa kamar fursuna?"

Na ce ba ni na aike ta ba.

Ta ce, da murya kamar mai karanta labarai, "In ulu ya ƙara taɓa jikin yarinyar nan, zan kira yayana ya zo da mota. Za mu koma Burgas wurin mahaifiyata. Za ki riƙa ganinta a waya, ranar bikin Kirsimeti."

A gidana. A kan teburin da Minko ya sassaƙa. Uwar tata kuwa na san ta, mai jan gashi da ƙaramin kare a jaka. Ita za ta koya wa jikata cewa madara daga kwali take fitowa.

Laraba, 8 ga Fabrairu

Zahari ya kira daga wani filin ajiye motoci. "Mama, don Allah. Mama, ki bi abin da Rali ta ce." Rali. Na ce masa da bai sa ulu ba da yanzu ba shi da ƙirjin da zai yi mini magana da shi. Ya ce, "Mama, na yi ta ɓoye rigunan nan a bayan makaranta, ina ɗauka in an tashi." Wayar ba ta da kyau, ban ji sosai ba.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Ta daina zuwa birni. Ba ta barin mu mu biyu ko na tsawon zuwa rijiya. Ba ma magana sai ta bakin yarinyar. "Siyana, gaya wa kakarki abinci ya nuna." "Siyana, gaya wa uwarki na ji."

Ƙirjin ya washe. Kumatun ma sun ragu. Wata ne ya juya, kowa ya san ciwon fata da wata yake tafiya. Amarya ta koma cin cuku, ba abin da ya faru. A gabana take cin sa, a hankali.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Ta yanke yatsa wurin faskare, don ta ƙi in nuna mata yadda ake riƙe gatari. An naɗe hannun. Dole ni zan shafa wa yarinyar mai, ita tana tsaye a kaina kamar ɗan sanda.

"Hannunki kamar ɓawon itace. Ki fara shafa wa naki. A hankali, ba kwaɓin burodi ba ne. Sama zuwa ƙasa, kar ki murza."

Na yi haƙuri irin na waliyyai. Man ba ƙamshi ba wari, abin da ba shi da ƙamshi me zai warkar? Amma yarinyar ta miƙe ƙafafu, ta kama babban yatsana da hannun nan mai safa. Na yi mata labarin dila da mai tukwane. Ba ta yi kuka ba. Wurin uwarta kullum sai ta yi. Na rubuta wannan don kar a manta.

Asabar, 18 ga Fabrairu

Ranar matattu. Na dafa alkama da zuma, na ɗauki ruwan inabi da kyandir na tafi maƙabarta. Na zuba wa Minko nasa, na gaya masa halin da ake ciki, bai musa ba. Sannan na koma wurin ƙaramin.

Ilko. Ɗana na fari. Da yanzu shi ma ya fara furfura. Watan Maris ne, shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe hanyar Sliven. Na ɗaura masa zaren Maris a hannu ranar ɗaya ga wata kamar kowane yaro, wanda ba a cirewa sai an ga shamuwa. Ya tsinke da kansa a ruwan wanka, shamuwa ba ta zo ba tukuna. Uwar Minko ta yi alamar gicciye. Ciwon ƙirji ya kama shi. Shamuwa ta sauka muna dawowa daga binne shi.

Na hango Petkana ta tare Amarya a bakin ƙofar maƙabarta, tana magana tana nuno ni da haɓa. Bakin matar nan ba shi da murfi.

Lahadi, 26 ga Fabrairu

Lahadin yafiya, gobe azumi. Ƙanana su sumbaci hannun manya su nemi gafara, haka muka tarar. Na shirya tebur, na zauna, na ajiye hannuna a inda za a gan shi. Ta daɗe tana gyara wa yarinyar safa. Daga ƙarshe ta zo ta sunkuya, leɓenta ya ɗan taɓa.

"Ki yafe mini."

"Na yafe. Allah ya yafe." Sai na ƙara abin da ake ƙarawa, don ba a barin sa: "Ke ma ki yafe."

"Na yafe," in ji ta, kamar mai sa hannu a takarda. Ba ta saki hannun ba nan da nan, ta juya shi tana dubawa. "Tsagar nan ta rufe."

Na ce azumi ne ke gabatowa, jiki ya sani.

Talata, 28 ga Fabrairu

Na murza zaren Maris. Fari ɗaya, ja ɗaya, gashin Belka, jan ni na rina. Kowane yaro na gidan nan daga hannuna yake samun nasa, martenitsa muke ce masa. A ɗaura a wuyan hannu ranar ɗaya ga wata, ba a cirewa sai an ga shamuwa ta fari, sannan a rataye a bishiya. A wasu garuruwan ko furen itace suka gani sai su cire. Ragwaye. Mu nan shamuwa muke jira, ga sheƙarta can a kan falwayar gaban coci.

Amarya ta sayo wani na roba mai fil, wai za ta maƙala a keken yarinyar. Keke ne zai yi lafiya ke nan.

Zare ne. Siriri kamar jijiya. Ba riga ba ce.

Laraba, 1 ga Maris

Na ɗaura mata. A gaban Petkana da matan unguwa na yi, lokacin da suka shigo gaisuwar wata, kowa yana ɗaura wa kowa. "Ki yi fari, ki yi ja, ki yi lafiya," na ce, suka amsa. Amarya tana riƙe da ita, ba ta iya janye hannun a gaban mutane ba. Na san haka. Shi ya sa.

Da aka watse ta zaunar da yarinyar, ta ja hannun rigar audugar ta tura ƙarƙashin zaren. Sannan ta juyo.

"Gwaggo Petkana ta gaya mini labarin Ilko. Shi ya sa ba zan sa almakashi ba. Ba zan zama wadda ta tsinke shi a gidanki ba. Ke kika ɗaura, ke za ki cire. Yayana zai zo ranar Lahadi. In ya tarar da shi a hannunta, mun tafi."

Sunansa a bakinta. Na fita wurin tumaki na daɗe.

Shamuwa ba ta zuwa kafin tsakiyar wata. Ita ma ta sani, ai ba a wata ƙasa aka haife ta ba.

Alhamis, 2 ga Maris

Na je gaban coci. Sheƙa wayam, sai gwarare suna haya a ƙasanta.

Zaren ba ya zama a kan riga. Yarinyar tana tsotsar sa, ya jiƙe, ya zame kan fata. Uwar ta mayar, ya zame, ta mayar.

Juma'a, 3 ga Maris

Dusar ƙanƙara. Watan Maris tsohuwa ce, in ji kakata, da safe ta yi dariya da rana ta jefe ka da tukunya. Yau ta tashi da tukunya.

Wurin shafa mai na gani. Ja ya zagaye wuyan hannun kamar awarwaro, daidai faɗin zaren, ba ƙari ba ragi. Ɗaya hannun fes. Wata ɗaya ne a sama, hannu biyu ne a ƙasa. Na shafa man a kewaye. Ta goga wurin a haɓata tana ƙananan kuka, ba na yunwa ba.

Amarya ta sauko da jakunkuna daga kan kabad. A gabana take ninke kayan, ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 4 ga Maris

Na je gaban coci da safe. Na koma da rana. Limamin ya tambaye ni ko ikirari nake son yi. Na ce tsuntsu nake jira. Ya ce to Allah ya kawo.

Petkana ta ce kar in kuskura. "Ki bar ta ta tafi, za ta dawo da kanta in kuɗin haya ya ishe ta. Amma zare kafin shamuwa? Ke da kanki kin san abin da ya biyo baya." Na ce ta tafi ta duba miyarta.

Wuyan hannun yarinyar ya fara ruwa.

Na kunna wa Ilko kyandir a gaban hoton Maryamu. Ban roƙi komai ba. Ban san abin da zan roƙa ba.

Lahadi, 5 ga Maris

Na ga shamuwa.

Da hantsi ne, na fita ba Belka ciyawa. Ta taso daga wajen kogi, sama sosai, fara da baƙin fiffike, ƙafafu a miƙe. Na shigo na faɗa. Na ɗauko almakashin saƙata na yanke zaren, na wanke wurin da ruwan nan nasu marar zafi marar sanyi, na daddangwala, na shafa mai.

Petkana ta hango ni ina ɗaura zaren a reshen tuffa, ta taso har da cokali a hannu.

"Stanka! Me kike yi?"

"Na ga shamuwa."

"A cikin wannan ƙanƙarar? Ke da ba ki iya zura zare a allura sai kin kira ni? Hankaka kika gani, tsohuwar banza, ko ledar shago!"

"Na ce na gani."

"Ta ina ta bi? Sheƙa ga ta can ba kowa! Wa ya gani ban da ke?"

Sai aka yi magana daga bakin ƙofa. Amarya ce, da yarinyar a kafaɗa.

"Ni ma na gan ta, Gwaggo Petkana. Ta kan coci ta wuce. Ko ba haka ba, Mama?"

Na ce haka ne, ta kan coci.

Lokacin da na fita tana kicin tana yanka albasa, ta ba taga baya. Amma matasa idonsu kaifi ne, wa ya sani.

Yayan nata ya iso da azahar. Dogo, mai ladabi, bai yi kama da uwarsu ba. Ya ci wake kwano biyu, ya koma da tulun kabeji mai tsami da rabin buhun dankali a kujerar baya. Jakunkunan suna nan a bakin gado, ba a kwance ba, ba a kuma fitar ba. Ita ta sani.

Ba wai na yarda da maganarta ba ne. Shamuwa ta zo, na cire, haka al'ada ta ce. 'Yar cikin kuma na warware ta, saƙar ba ta yi mini ba tun farko, wuyan ya matse. Zan yi wa kaina safa.

Na taɓa ƙirjin yarinyar da yamma. Na sake taɓawa. Numfashi lafiya, goshi ba zafi. Gobe ma zan taɓa.

Tagar ɗakinsu a buɗe take kamar faɗin yatsa. Na wuce na gani. Kafaɗata ke ciwo, shi ya sa ban miƙa hannu ba.

Sheƙar dai har yanzu wayam. Wataƙila waccan ta wani gari ce.